Abin da Mounira Ba Ta Rubuta Ba

Aikin Mounira a kamfanin auna ruwa da ke Greensboro a Amurka ba na shiga rafi ba ne, tana ofis gaban kwamfuta. Masu fita awo su ke ɗora na'ura a ƙaramin kwale-kwalen roba, su ja ta daga gaɓa zuwa gaɓa, tana aika sauti cikin ruwa tana lissafa saurin gudunsa. Sai su kawo wa Mounira bayanan, ta tace su, ta fitar da rahoto. Dokar aikin ɗaya ce: duk abin da ka gani ba daidai ba, ka rubuta a littafin aiki tare da sunan mai awon. Shekara uku ba a taɓa kama ta da kuskure ba, har an yi mata alkawarin daga watan Yuli ita za ta riƙa sa hannu a rahotanni da sunanta.

Wanda ya samo mata aikin Malam Salissou ne, shugaban masu fita awo, mutumin Maraɗi, aminin marigayi mahaifinta. Tonton take ce masa, wato kawu.

A watan Afrilu ya auna wani rafi a Pleasant Garden, inda za a faɗaɗa kwalbati. Tana buɗe bayanan ta ga wai ruwa yana gudu a karkace, kamar zai haye gaɓa. Nan take ta gane. Na'urar tana da kamfas mai nuna mata alƙibla, kuma nesa da ƙarfe ake saita shi, in ba haka ba lissafin sauri ya lalace. Tonton kuwa ƙafa na damunsa, a bayan motarsa ya saita abinsa.

Ta buɗe littafin aiki, ta rubuta sunansa, ta tsaya, ta goge. Ina ita ina rubuta laifin babba a inda kowa zai karanta? Sai ta bi shi ɗakin ajiye kaya, ta sassauta murya ta faɗa masa.

"Kar ki damu, ɗiyata," in ji shi. "Jibi in koma in sake awon. Ki tura wa masu kwalbatin rapport ɗin haka, ma gyara daga baya."

Ta tura. Jibi ta zo ta wuce. Ta tuna masa sau biyu, a na uku kunya ta hana ta.

A watan Yuni injiniyoyin kwalbatin suka yi nasu awon, suka ga gudun ruwan ya fi abin da rahoton ya nuna nesa ba kusa ba. Shugabar ofis, Angelina, ta kira su biyun. Mounira ta shiga da natsuwarta, don ta tabbata Tonton zai faɗi gaskiya.

"Ni awo nake yi," ya ce, yana juya makullin motarsa. "Tacewa aikinta ne. Da ta ga matsala, ai da ta rubuta. A duba littafi."

Aka duba, babu komai. Mounira ta ce ta gani, kuma ta faɗa masa baki da baki. Ya girgiza kai a hankali, wai shi dai bai tuna ba. Mutumin da ya riƙe makarar ubanta ne yake shafa mata kashin kaji, ko idonsa bai ƙifta ba.

Angelina ta ce ko dai ba ta gani ba, ko ta gani ta ɓoye, kuma duka biyun ba su yi ba. Maganar ba ta damar sa hannu ta sha ruwa. Na tsawon wata shida, duk rahoton da ta yi sai Salissou ya duba kafin ya fita.

Da aka tashi aiki ya tarar da ita a wurin ajiye motoci, ta kasa ko buɗe ƙofa don baƙin ciki.

"Haba ɗiyata, c'est rien, ba komai, wata shida kamar gobe ne. Ni shekara biyu ta rage min in yi retraite in ajiye aiki, in suka kore ni ina za ni? Ke kuwa da ƙuruciyarki. Ki gaida mamanki, Lahadi zan shigo cin abinci."

Maganganu sun cika mata baki. Amma kafin ta zaɓi ɗaya, gwiwarta ta riga ta rusuna da kanta.

"Za ta ji, Tonton," ta ce.