Motar da Aka Ce Halas

Ran da injin ya tashi, Turai ce ta fara rangaɗa guɗa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan daga baya, wai ita da bakinta ta yi wa korarta guɗa.

Shekara shida suka yi a hanya kafin su ga Jidda, ita da mijinta Bawa. Daga Katsina suka fito da niyyar hajji, Nijeriya ta sami mulkin kai suna can Sudan suna tsintar auduga. Duk inda babbar mota ta mace da su, Bawa yana ƙarƙashinta yana miƙa wa direba sifana, ita kuwa tana bakin hanya tana haɗa duwatsun murhu. Sun zauna a tasha, sun zauna a rumfar kasuwa, 'yarsu Maimuna ma a bayan motar gyaɗa aka haife ta. Ko'ina suka ajiye kaya, sai wani ya zo ya ce su tashi. Da suka sauke farali, Bawa ya rantse ba zai koma gida ba sai da sana'a a hannu. Wani Balarabe, Usta Saleh, ya ɗauke shi koyon kanikanci a garejinsa da ke bayan Bab Makka, tsohuwar ƙofar Jidda, inda ake gyaran motocin jigilar alhazai.

A ƙarshen garejin akwai wata tsohuwar bas, tayoyinta sun nutse cikin yashi, awaki sun mayar da ƙarƙashinta gida. A lokacin Turai ba ta jin Larabci ko na sayen gishiri. Ta nuna wa Usta Saleh motar, ta nuna goyonta, ta kwantar da kunci a tafin hannu. Ya bugi ƙarfen motar, ya ce, "Hadi? Khalas!" ya yi gaba abinsa.

Halas! Wace 'yar Musulmi ce ba ta san wannan kalma ba? Abin da aka ce maka halas ai naka ne, ba mai tuhumarka duniya da lahira. Turai ta durƙusa har ƙasa tana godiya ga bayan mutumin da ko waiwayowa bai yi ba.

Ta kori awakin, ta wanke motar da toka, Bawa ya cire kujerun baya aka shimfiɗa tabarma. Ta yanka tsohon zanenta ta yi wa kowace taga labule. Shekara uku suna ciki. Da rana ƙarfen ya yi zafi kamar tanda, amma tanda ce tata, kuma ba wanda ya taɓa leƙowa ya ce su tashi.

Ita ce ma ta tsiro da zancen gyaran. "Malam, kullum kana gyara wa mutane, tamu fa? In ta tashi, gidanmu ne zai kai mu Madina." Bawa ya sunkuyar da kai ya ce to. Tana suyar waina a bakin kasuwa, kuma duk abin da ta tara sai ta nufi masu tsofaffin kayan mota. Ita ta sayo kafireta, ita ta sayo fulogai shida, da fambel, da batir ɗin da ta ɗauko a ka kamar tulu. Ita ke wanke su da kananzir har hannunta ya tsage, ita ke riƙe masa yana ɗaurewa. Tun tana kallo har ta san gurbin kowane ƙarfe.

Wata Alhamis da hantsi injin ya yi tari, ya yi aman baƙin hayaƙi, ya ɗauka. Usta Saleh ya fito a guje, ya rungume Bawa, ya kira shi usta, wato gwanin makaniki, a gaban kowa. Sai ya zagaya motar yana shafa ta yana zuba Larabci. Turai ta tsinci kalma uku kawai: bukra, Madina, yalla.

Mastura mai shayi ce ta fassara mata. Haifaffiyar Jidda ce, Hausarta rabi da rabi. "Ya ukhti, cewa ya yi ku kwashe kayanku. Gobe za a mayar da kujeru, ta koma ɗaukar alhazai."

"Motar tawa? Shi da ya ce min halas?"

"Khalas ya ce miki." Mastura ta kankaro kalmar daga maƙogwaro kamar mai kaki. "Ya'ni ta ƙare, ta mutu, ba ta da amfani. Wa ya ce miki kyauta ya ba ki?"

Turai ba ta sake bi ta kanta ba. Ta iske Bawa yana goge hannu da tsumma, murnar da ke fuskarsa ta tsere tun daga nesa.

"Ka sani?"

"Turai, ki saurara."

"Na ce ka sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar farko, da kunnena ya fara kama Larabci."

"Kana kallona ina ɗauko batir a ka daga Bab Makka! Kana kallon hannuna yana jini! Wato ni ce jakar da ta yi wa Balarabe dako?"

"Ba ni da injin da zan koya a kansa, sai wannan," in ji shi, murya can ƙasa. "Yanzu ga shi zai zama kafilina, ya tsaya mana a ba mu iƙama, takardar zama. Za mu kama ɗaki."

"Ɗakin da wani zai zo ya ce mu tashi."

Bawa ya yi tsuru-tsuru. Wallahi da zai yi mata gardama da ta sami sauƙi, amma mutumin nan tun a Sudan haka yake, in ya yi laifi sai ya tsaya kamar an dasa shi. Ranar ba ta yi girki ba. Wanda ya ji yunwa ya ci hayaƙin injin.

Washegari da aka fito sallar asuba maza suka tsaya shan shayi wajen Mastura. Turai ta ɗaura ɗamara, ta ɗauki sifanar mijinta, ta buɗe murfin injin. Ba ta fasa komai ba, ba ta taɓa ko noti ɗaya na Usta Saleh ba. Nata kawai ta bi ɗaya bayan ɗaya: fulogai shida, kafireta, fambel, batir. Ta jera su cikin babbar tasar da take kwaɓa ƙullun waina, ta ajiye a ƙofar motar, ta zauna a kan matakala da Maimuna a cinya.

Usta Saleh ya iso da direba da masu ɗauke da kujeru. Direba ya hau, ya murɗa makulli, shiru. Ya sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Aka leƙa injin, aka dubi tasar, Usta ya hau sababi yana nuna Bawa yana nuna kayan, wai ya karɓo ya mayar yanzu-yanzu.

Turai ta zuba wa mijinta ido. Ya tako har gaban tasar, ya tsaya, ya dubi hannuwanta da suka yi baƙi da mai. Sai ya juya ya yi wa ubangidansa magana da Larabci. Mastura ta raɗa mata, "Ya ce kayan ba nasa ba ne, ba na usta ba ne. Na matarsa ne."

Jijiyar wuyan Usta Saleh ta tashi. Ya matso kanta yana ta ɗaga hannu, yana nuna motar, yana tambayar Turai me ta yi mata.

Turai ta miƙe. Ta bugi ƙarfen motar da tafin hannu daidai inda ya buga shekara uku da suka wuce, ta kankaro kalmar daga can ƙasan maƙogwaro yadda ya kamata.

"Hadi? Khalas!"

Sannan ta dafa tasarta. "Wannan kuwa halas. Mastura, fassara masa bambancin."

Ta hau motar ta saki labule.