Mai Yankan Rassan Dotori

Pyo Sang-gil ya yi shekara talatin da takwas yana aski a birnin Incheon, saboda haka in aka zo maganar yankan almakashi ba ya sauraron kowa. Mutumin kirki ne, amma irin masu kirkin nan da in sun ce sun gane abu, ko abin da kansa ya buɗe baki ya musa ba za su yarda ba. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai shi birni, kuma sai bana ya rufe shago ya dawo ƙauyen ubansa shi da matarsa Ok-bun. Gida tara ne suka rage ana hura wuta a ƙauyen. Ɗaya na ƙanwar mahaifinsa ne, Goggo Mal-sun, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda take zaune ita kaɗai kuma ta rantse sai dai a fitar da gawarta daga gidan.

A watan takwas, saura 'yan makonni bikin kaka da ake ziyartar kaburburan iyaye, ya hau tudu da lauje don ya gyara kabarin mahaifinsa. Duk shekarun nan sai ranar biki yake zuwa ya tarar da wuri tas, bai taɓa ganin tudun a wannan lokaci ba. Yana isa ya tsaya cak. Kabarin da kewayensa sun lulluɓe da ƙananan rassan dotori, wata bishiya mai 'ya'ya kamar gyaɗa masu 'yar hula a ka, ganye kore shar, kowane reshe da 'ya'ya biyu ko uku ɗanyu, ko hanyar nuna ba su kama ba. Ya ɗauki ɗaya ya dubi gindinsa. Ba karyewa ya yi ba. An yanke shi sumul, babu ko zare. Ya ɗauki na biyu, ya ɗauki na goma, duk haka. Tsigar jikinsa ta tashi, don bai san wanda zai tsani mamaci har ya yi masa wannan ba.

Washegari ya yi sammako ya laɓe bayan wani dutse. Ba a jima ba sai ga Goggo Mal-sun tana hawowa a sunkuye, almakashin da take cire barkono yana reto a wuyanta. Ta tsince rassan ɗaya bayan ɗaya, ta zuba a wata tsohuwar garwa, ta ƙyasta ashana. Goggon da in ka taka ɗan dotori ɗaya sai ta zage ka har kakanka, wanda kuwa ubanta ne. Matar da kowace kaka take jiƙa dotori, ta niƙa, ta tace, ta tuƙa tuwon dotori da ake ce wa muk, wanda dangi ke rububi a kai. Ita ce yau take ƙona su ɗanyu a kan kabarin yayanta.

"Goggo! Me kike yi haka?"

"Ido gare ka ko ado? Ƙonawa nake."

"Wa ya yanke su?"

"Ƙwaro."

"Ƙwaro?"

"Ƙwaro mana. Wani ɗan mitsitsi mai dogon baki. Ya huda ɗan dotori ya saka ƙwai, ya koma ya yanke reshen ya faɗo. Tsutsar ta ci ta ƙoshi ta shige ƙasa, baɗi ta fito ta yi mana wanda ya fi wannan. Shekara nawa ina ƙona su, kai kana can kana tattara gashin mutane."

"Haba Goggo. Ƙwaro da almakashi?"

"Da zarto ma. Matsa, kana tare mini iska."

Ya dubi almakashin da ke wuyanta. Ya ɗaga kai ya dubi rassan da suka fi ƙarfin hannunta, sai ya tuna doguwar gorar da take tsinko kanya da ita, jingine a katangarta. Shi ke nan lissafi ya cika masa. Ya sauko hawaye fal idonsa, don har ga zuciyarsa yana son tsohuwar nan.

"Baban Eun-ha, ka tambayi tsoho Chu mana," in ji Ok-bun da ta ji labari. "A tudun nan ya tsufa."

"In je in ce masa goggona ta taɓu? Kafin rana ta faɗi gari ya ɗauka. Yau rassa take ƙonawa, gobe gidan za ta cinna wa wuta tana ciki."

"To in gaskiya ta faɗa fa?"

"Ok-bun, ni za a koya wa yankan almakashi?"

Ya buga wa ɗan Goggo, Tae-uk, waya a birnin Daejeon. Tae-uk ɗin da bikin kaka huɗu a jere aiki ya hana shi zuwa, ranar nan kafin tuwon rana ya huce motarsa tana ƙofar gida. Aka ce wa Goggo awon jini za a je. Likitan wani matashi ne mai ladabi, ɗan birni gaba da baya. Ya tambaye ta yau nawa ga wata, ta ce sha biyu ga watan bakwai. Gaskiyarta, don ita da watan sama take ƙirga tun tana yarinya, shi take bi ta yi shuka ta yi wa mamata sadaka. Likita ya dubi kalandar bango, ya ga ashirin da wani abu ga watan takwas, ya yi rubutu. Ya tambaye ta zancen rassa, ta ba shi labarin ƙwaro mai zarto tiryan-tiryan, har da kwatance da yatsa. Ya yi murmushi ya ƙara rubutu. Maza uku masu karatu a ɗaki ɗaya, babu wanda ya ce a kawo reshen a fasa a gani. Cikin mako guda Tae-uk ya sa hannu a takarda, aka kwantar da ita a gidan jinyar tsofaffi da ke bayan gari.

Kwana uku Sang-gil bai iya hawa tudun ba. Rana ta huɗu ya ɗauki tsintsiya ya tafi ya share ragowar ɓarnar. Abin da ya tarar ya sa tsintsiyar ta suɓuce daga hannunsa. Rassa sababbi fil, ganyensu ko yaushi bai yi ba, sun ninka na da. Yana tsaye baki buɗe wani ya faɗo ta gabansa, yana juyi a hankali har ya sauka kan takalminsa. Ya waiga gabas ya waiga yamma, babu kowa.

Can ya ga wani reshe na ƙasa-ƙasa yana ɗan motsi alhali babu iska. Ya zaro tabarau ya matsa. Wani ƙwaro ne toka-toka, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, da baki dogo kamar allura. Ya kafa bakin a jikin reshen yana gogawa, ya ɗan zagaya, ya ci gaba, babu gaggawa, kamar wanda aka biya kuɗin yini. Sang-gil ya tsaya har wuyansa ya ƙage. Reshen ya lanƙwasa, ya rabu, ya faɗo. Ya ɗauka ya dubi gindin, sumul. A jikin hular ɗan dotorin ga wani baƙin ɗigo. Ya sa haƙori ya fasa, ga ƙwai fari ƙal a ciki, ɗan ƙwal ɗaya.

"Wayyo ni," ya ce, ya zauna daɓas a kan ciyawa. "Wayyo Goggo."

Ko gida bai shiga ba, daga ƙofa ya ƙwala wa Ok-bun kira suka kama hanya. Sun same ta zaune bakin gado cikin rigar gidan mai ratsi-ratsi, an rage mata gashi, rashin iya aski har ya ba shi haushi. Ya zube ya kafa goshi a ƙasa, ya miƙa mata reshen da hannu biyu.

"Na gan shi, Goggo. Da idona. Ki yafe mini."

Ta juya reshen, ta dube shi, ta dubi ƙeyarsa.

"Ka gaishe shi? Ai abokin sana'arka ne, kuma ya fi ka hannu." Sai ta fashe da dariya har da tari. "Tashi, sakarai. Kan ubanka gare ka, shi ma sai ya taɓa wuta yake yarda da zafi. Ok-bun, miƙo mini takalmina a ƙarƙashin gado. Barkonona yana can ya bushe a tsaye."

Ta sa takalmi, ta ɗaure ƙunshinta, ta miƙe. Ma'aikaciyar da ke kula da ɗakin ta ce ba matsala, sai dai wanda ya sa hannu aka kawo ta shi zai ba da izini a sallame ta.

"Kira shi," in ji Goggo. "Ka ƙara muryar, in ji yadda kunya za ta kama ja'irin."

Sang-gil ya kira, ya buɗe murya, ya zayyana komai: ƙwaron, ƙwan, watan sama. Bai kai ga cewa tana kusa ba Tae-uk ya katse shi.

"Yaya, ƙwaron nan ai na san shi. A tudun na girma, ni nake riƙe mata garwa."

Sang-gil ya ji kamar an kwaɗa masa taɓarya.

"Ka san shi? To me ya sa a gaban likita ba ka..."

"Don Allah bar maganar nan. Ka san shekara nawa ina neman yadda za ta yarda ta bar gidan nan? Ga dama ta samu, an sami gado, hankalin kowa ya kwanta. Ka ce mata likita ne ya hana. Ina cikin taro, zan kira ka."

Wayar ta mutu. Ok-bun ta toshe baki da hannu. Ma'aikaciyar ta sunkuyar da kai ta fice.

"Goggo, zan je har Daejeon," in ji Sang-gil. "Zan kawo shi ko da ja ne. Ko ki zauna a gidana, ɗaki yana nan."

Ta koma bakin gado ta zauna a hankali, ta ajiye ƙunshin a gefe. Ta daɗe tana kallon wayar da ke hannunsa. Sannan ta sunkuya ta cire takalmin, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta jera su, ta tura ƙarƙashin gado.

"Ku tafi kada mota ta wuce ku," ta ce. "Barkonon ku cire ku ci."