Shanun Malam Labaran

Malam Labaran yana tsaye gindin wata maina a bakin kara, yana yi kamar mai taya akuya, sai hayaniya ta tashi daga wajen da ake ɗaure shanu. Ya ɗaga kai ya hango 'yan sa-kai sun zagaye Yero, har ɗayansu ya fizge masa sanda. Shanun nan bakwai da ke bayan Bafillatanin nasa ne, kuma duk faɗin Birnin Gwari babu wanda ya san haka sai shi, sai Yeron, sai matarsa Saude.

Lokacin da ya ajiye aikin duba-gari aka biya shi kuɗin sallama, abokansa wasu babur suka saya, wasu suka bar nasu a banki har tsadar rayuwa ta lashe su. Shi kuwa karsana ya saya ya kai wa Yero kiwo can rugarsu bayan Kuyello, nono na Yero, 'ya'ya na Malam. Fanshon da a da yake kai su ƙarshen wata, yanzu maganin hawan jinin Saude kaɗai ke cinye rabinsa. Duk da haka ko saniya ɗaya bai taɓa sayarwa ba. A garin da mutanen daji ke da kunne a kowace majalisa, wanda aka ce yana da wani abu, to an nuna musu ƙofar gidansa ke nan. Saboda haka Malam Labaran ya riƙi talauci kamar sana'a. Riga mai faci, takalmi mai ɗinki, in ana kukan tsada a majalisa muryarsa ce a sama. Ya ƙware har maƙwabta kan aiko masa da zakkar hatsi, ya karɓa yana sunkuyar da kai.

Shekaranjiya Yero ya aiko masa cewa zaman daji ya gagara, za su tashi su yi kudu. Suka shirya ya koro shanun kara ya sayar kamar nasa, in rana ta yi sanyi su haɗu ya miƙa kuɗin babu wanda ya gani. Shiri mai kyau, in ban da sun manta cewa yanzu Bafillatanin da ba a saba gani ba ba ya shigowa kasuwa da shanu bakwai ya fita ba tambaya.

Malam Labaran ya matsa ya tsaya a bayan taro.

“Na amana ne,” in ji Yero. An durƙusar da shi, hularsa na ƙasa.

“Amanar wa?” Mai tambayar Naziru ne, shugaban 'yan sa-kan, wanda bara aka kore wa mahaifinsa shanun huɗa, tsohon ya kwanta bai sake tashi ba.

“Mai su ya ce kada in faɗa.”

“Ashe. Mai su yana daji ke nan.”

Yero ya san Malam na kusa, don da safe sun haɗa ido, amma ko sau ɗaya bai juya wajen mainar ba. Wani daga cikin taro ya ce a kawo igiya. Wani ya ce a fita da shi bayan kara a yi masa tambayar a can, kuma kowa ya san irin tambayar da ake yi a bayan kara.

Tsoro ya kama Malam Labaran, tsoro na gaske. Ya ce a ransa shanu su tafi, ai ya saba da talaucin, iyaka dai na wasa ya koma na gaske. Har ya ja ƙafa baya. Sai ya ga an murɗe hannuwan Yero an fara naɗa igiya, mutumin da ya kwana cikin ruwa da sauro da shanun wani shekara da shekaru, yanzu kuma ya zaɓi duka a kan ya ambaci suna.

“Nawa ne,” in ji Malam Labaran.

Muryar ta fito siririya, na kusa da shi ne kaɗai suka ji. Naziru ya waiwayo.

“Baba, me ka ce?”

“Na ce shanun nawa ne. Ku kwance shi.”

Wani ya fashe da dariya. “Malam Labaran? Wanda muke kai wa zakka?”

Kunya ta rufe shi, amma bai tsaya ba. “Kuɗin sallamata ne. Ku duba kunnen hagu, kowacce tana da tsaga biyu, ni na ce a yi musu. Jar can mai karyayyen ƙaho ita ce uwarsu.”

Naziru ya bi shanun ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga kunne. Da ya gama ya kwance igiyar da hannunsa, ya ɗauko hular ya kaɗe ya miƙa wa Yero, bai dube shi ba.

“Baba, da ka yi magana tun farko. Me ya sa ka ɓoye?”

Malam Labaran ya dubi taron. Akwai fuskokin da ya sani tun suna yara, akwai waɗanda bai taɓa gani ba, ga wani can gefe ya juya baya ya kara waya a kunne. Wataƙila matarsa yake kira. Naziru ya bi inda Malam yake kallo, shi ma ya ga mai wayar.

Dillalai suka yi wa Malam Labaran caa. Sun ga mutum cikin gaggawa, suka taya kamar masu jin haushi, kuma da ƙarfi, yadda na bakin titi ma zai ji. Ya sallama. Kafin la'asar mutanen da jiya ba sa amsa masa sallama sosai sun fara ce masa ranka ya daɗe.

Yero ya rako shi har bakin hanya. “Malam, da ka ƙyale. Duka ne, zai wuce.”

“Ba duka ba ne, ka sani. Je ka, Yero, kada yamma ta yi maka a hanya. Allah Ya saka.”

Da ya isa gida ya tarar da Saude a tsakar gida ta naɗe katifa tana ɗaure ta da zani. Tukwane na cikin buhu, kaji a kwando.

“Labari ya riga ka isowa,” ta ce. “Mata huɗu suka shigo yi mini barka. Na kira Shafi'u a Kaduna, ya ce ya gyara mana ɗakin yara.”

“To, motar farko da safe.”

“Yau, Malam. Ba za mu kwana a nan ba.”

Ya dubi ɗakunan da ya gina da albashin duba-gari, da mangwaron da ya dasa shekarar da aka haifi ɗan nasu Shafi'u. A nan ya yi niyyar ƙarasa kwanansa.

Da mai a-kori-kura ya gama loda kaya, Saude ta fito da kwaɗon ƙofa ta miƙa masa. Ya juya shi a hannu, sannan ya jefa a aljihu.

“Bar ta a buɗe,” ya ce. “In sun zo, kada su ɓalla mini ƙofa.”