Jiniya a Gonar Inna

Ni na koya wa Fatihu riƙon ƙarfen dalma. Wannan nake so a fara sani, don a garin Haɗeja yanzu ba mai tunawa. Shekarata ashirin da huɗu ina gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa. Shi kuwa ƙanena ne, autanmu, ma'aikacin ɗakin magani a wani asibiti, haɗa waya a wurinsa wasan ranar Asabar ne. Amma sai mutum ya shigo shagona, ya dube ni da furfurata, ya ce, "Malam Tukur, don Allah ina zan ga ƙanen nan naka injiniya?" Injiniya! Ni kuma fa, gyaɗa nake sayarwa?

Wata tsohuwar mota ce ta jawo duk wannan. Ya saye ta tana tari, ya zauna mata. Ya maƙala mata kyamara a baya, tana nuna masa hanya a wani ɗan allo kusa da sitiyari. Ya ɗora faifan sola a rufi, ya ja wa fanka biyu wuta. In ka shiga ba ka ja ƙofa da kyau ba, sai ka ji muryarsa ta fito daga ƙarƙashin kujera tana cewa, "Malam, rufe mana ƙofa, ba zaure ba ne." Mutane su yi ta dariya kamar ba su taɓa jin magana ba. A but ɗin baya kuma ya girka amfilifaya, na'urar ƙara sauti, da ya haɗa da hannunsa, akwatin lasifikar ya yi shi da katakon wani tsohon kwale-kwale da ya karɓo wajen masunta. Ranar da ya fara kunna min, na kasa kunne irin na mai sana'a ina neman inda sautin zai yi gargada. Wallahi ban samu ba. Ranar ko abincin rana bai yi min daɗi ba.

Sai kuma hotuna. Duk shekara akwai taron baje kolin motoci da masu wannan ciwo suke yi a Kano, kuma ba ya wuce shi. Ya rataya kyamara a wuya, mutum da iyalinsa, ya kwanta rub da ciki a ƙasa wai yana ɗaukar taya. Bara da tasa motar ya je. Jama'a suka bar motocin masu kuɗi suka yi dafifi a bayan tasa suna leƙen katakon kwale-kwale. Ya dawo ya wanke hotunan manya-manya, ya kai ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ya jera su a bango.

Nan ne abin ya fi ci na. Ni ne ɗan fari, Inna kuwa Bafulatana ce ta gaske. Tunda nake ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yaba min a gaban mutum ba. "Wancan" take ce min, ko "kai". Na san kunya ce, al'ada ce, na sani sarai. Amma ka zauna a tabarma kana jin ta tana nuna wa baƙi bango da sandarta tana cewa, "Wannan ma Fatihu ne ya ɗauka, kun ga motar tasa nan a tsakiya," ka gaya min in sanin zai hana ka jin zafi. Kishi nake yi da ƙanena. Ba na jin daɗin faɗa, amma haka ne.

Abu guda ya rage wanda ba a haɗa ni da shi a kansa, gonar Inna ta fadama. Tun rasuwar Baba take hannuna, don ni ne babba. Daga ita Inna take ci, daga ita take aika wa ƙannenmu mata shinkafa gidajen aurensu. In an ce gonar Inna, to Tukur ake nema. Ba zan ɓoye ba, da ita nake riƙe da girmana a gidan.

Noman ranin bana shinkafa ta yi kyau kamar me. Tana fitar da kai, lokacin da in ka matse ƙwaya sai farin ruwa ya fito, jan-baki suka sauko daga cikin ciyawar kacalla ta bakin ruwa. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka hadari ne. Tsuntsu ne ɗan mitsitsi, amma in garkensu ya sauka gona sau biyu sau uku, sai dai ka yanke kara. A gonar Inna, Garba ne yake kora shekara da shekaru. Dattijo ne, yana zama a kan rumfa da majajjawa, ya ɗaure igiyoyi da gwangwanaye ko'ina, yana ja yana ihu daga hantsi har faɗuwar rana.

Fatihu yana da fili nasa can gaba da namu. Wata Asabar ya ciro ƙaramar lasifika daga motarsa, ya haɗa da batir a cikin baro, ya tura tsakiyar filin. Kafin sati ya zagayo labari ya cika gari, wai akwatin injiniya yana korar jan-baki. Har daga Kaugama aka zo kallo.

Fatihu ya same ni a shago, ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya saba.

"Yaya, na ce ko in haɗa wa gonar Inna irin nawa? Garba ya tsufa, a rage masa wahala."

"Kai za ka haɗa min?"

"A'a, Yaya, ba haka nake nufi ba. Sai dai akwai abu ɗaya da na lura. Na wuni biyu a rumfar Garba ina kallon yadda yake yi, sai na ga..."

"Fatihu," na ce, "lokacin da na fara haɗa lasifika kana tsotson yatsa. Tashi ka ba ni wuri, ina da aiki."

Ya tashi sumui-sumui ya tafi. Ni kuma na rufe shago na zauna wa nawa. Na ce in nasa ɗan akwati ne a baro, nawa sai an ji shi a ƙetaren kogi. Na samo ƙahonin lasifika huɗu irin na masallaci, na ɗaure su a kan dogon ƙarfe, kowanne ya kalli kusurwa ɗaya. Na haɗa amfilifaya mai ƙarfi, batir biyu, faifan sola. Na sa jiniya, irin mai tsaga kunne, tana yi ba tsayawa tun fitowar rana har magariba. Na zuba kayan a akwatin ƙarfe na danna kwaɗo, don kada wani ya je ya taɓa a ce da hannunsa a ciki. Kun san wanda nake nufi.

Ranar da na kunna, jan-baki suka tashi gaba ɗaya kamar an watsa musu wuta. Maƙwabta suka toshe kunnuwa. Daɗi ya kama ni har na ji kamar in taka rawa a kan kunyar gona. Na ce wa Garba ya sauko ya je ya huta, an gama da zamanin gwangwani.

Ya sauko a hankali yana naɗe majajjawarsa. "Malam Tukur, haka za ta yi ta yi?"

"Haka. Ba ta gajiya, ba ta zuwa sallah, ba ta cin goro."

"To," ya ce. "Allah ya sa albarka." Ya saɓa igiyarsa ya wuce.

Kwana uku ina zuwa safe da yamma, ko tsuntsu ɗaya. Sai aiki ya taso min a Kafin Hausa, wani masallaci za a sa wa lasifika, na tafi hankalina kwance. Ina can Fatihu ya kira ni. Na ga sunansa na mayar da wayar aljihu. Ya sake kira, ya sake, har sau tara a kwana biyu. Na ce a raina, ya ji labarin nawa ya fi nasa, yana so ya zo ya ga yadda na yi. Ya aiko saƙo, ban buɗe ba. Allah na tuba, har murmushi na yi.

Ranar da na dawo ban biya gida ba, na hau babur na nufi fadama. Tun daga nesa nake jin jiniyata tana aiki, zuciyata fes. Da na matso sai na ga kan ƙarfen ya yi baƙi. Jan-baki ne. Sun jeru a kan ƙahonin nan huɗu, jiniya tana tsala ihu a ƙarƙashin ƙafafunsu, su kuwa suna gyaran fiffike. Na shiga cikin shinkafar na kama kai ɗaya na murza. Ƙaiƙayi. Na kama wani. Ƙaiƙayi. Inna lillahi! Na zauna a cikin taɓo da wandona.

Can na hango Garba a kan rumfa yana jan igiya, Fatihu kuma yana tahowa da gudu, rigar aikinsa duk laka.

"Yaya, ka yi haƙuri," ya ce yana haki. "Na dawo da Garba ban nemi izininka ba. Na kira ka ban samu ba. Akwatin kuma a kulle, ban isa in fasa maka kwaɗo ba."

Ji fa. Shi ne ma yake ba ni haƙuri.

"Me ya sa ba sa gudu?" na ce.

"Sun saba ne, Yaya. Abin da na so gaya maka ke nan. Garba ba ya ihu iri ɗaya sau biyu. Ya yi shiru har su sake jiki, sai ya girgiza gwangwani ta gabas, can ya jefa dutse ta yamma. Nawa ma haka na yi shi. Ya yi shiru, ya yi ƙarar bindiga, ya yi shiru mai tsawo, ya yi kukan shaho, ba ya maimaita tsari. Kullum kuma sai na tura baron wani wuri."

Na dubi Garba. Ya kau da kai yana ta jan igiyarsa. Shekara goma sha wani abu ina kai wa mutumin nan abinci a gindin rumfa, ban taɓa tsayawa na saurari yadda yake ihu ba.

Gonar da take ba da buhu talatin, bakwai muka ɗauka. Ina zaune a shago ina juya yadda zan shiga gaban Inna, sai ƙanwarmu Adila ta kira ni wai in zo, kaya sun iso. Na je na tarar ana sauke buhuna daga mota ana jerawa a ɗakin ajiya, sun fi ashirin. Fatihu yana tsaye yana cewa, "Inna, ga na gonarki nan, Yaya ya ce a kawo." Ya ƙi yarda mu haɗa ido. Nasa ne, kusan duk abin da ya noma.

Da ni mutumin kirki ne da a nan na buɗe baki. Ban buɗe ba. Inna ta leƙa ɗakin, ta juya wajen Adila ta ce, "Wancan ya yi ƙoƙari bana." Shekara arba'in da shida ina jiran kalma irin wannan, ga ta ta zo a kan shinkafar ƙanena. Na ji daɗinta, kada in yi muku ƙarya, na kuma ji kamar in shaƙe shi.

Bayan kwana biyu ta aiko in zo da hantsi. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida, faifai a cinya, tana wasa da shinkafa a tafin hannu. Na gaishe ta ta amsa, idonta a kan faifan.

"Irin gonata gajere ne, mai jan ciki," ta ce. "Ni na ba ubanku shi da hannuna. Wannan kuwa doguwa ce, jamila."

Na sunkuyar da kai.

"Ban ce komai a gaban yara ba, kuma ba zan ce ba. Asara ta Allah ce. Amma an ce min ƙanenka ya kira ka sau tara." Ta kaɗe hannunta a kan faifan. "Baɗi shi zai riƙe gonar. Ba ni zan gaya masa ba, kai za ka gaya masa da bakinka."

Na same shi a ƙofar gidansa, rabin jikinsa a cikin but ɗin motarsa, yana ɗaure wata waya. Na tsaya a kansa na faɗa masa, a taƙaice, ina kallon taya. Ya fito ya goge hannu a tsumma.

"To, Yaya," ya ce. "Amma don Allah ka riƙa zuwa kana duba min. Ni ban san noma kamarka ba."

Kuma da gaske yake, na ga idonsa. Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.