Ranar da ke Jikin Kati

"Shigo mana, Kunya, kin tsaya kamar an dasa ki," in ji Iya Nas. Tana bakin gado tana matse mayafinta a cikin bokiti. Takalmanta na fita suna bakin ƙofa, duk taɓo.

Maƙwabciyarmu ce, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti. Duk yaran layinmu ita ta yi mana allura, ita kuma ta laƙa min sunan Kunya.

"Iya, ina kika je cikin ruwan nan?"

"Liyafar yayanki mana. Mota biyu na hau. Na tarar da wurin a kulle, mai gadi ya ce, 'Mama, kin yi sammako da sati biyu.'" Ta yi dariya har ta sarƙe da tari.



Da Yaya ya gama karatun likita, ni na tsara katin gayyata a waya. Mama ta ce a buga ashirin na takarda saboda manya, wai ba za ta gayyaci Iya da ɗan yatsa ba. Da aka ɗage ranar, cikin minti ɗaya na gyara na tura wa kowa, har Kawu da ke ƙasar waje ya amsa. Masu na takarda kuwa sai an taka. Wayar Iya kullum a kashe take cikin akwati, don haka Mama ta aike ni. Na zo har ƙofarta, na ji muryoyin baƙi maza, na juya. Na ce wa Mama, "Na faɗa mata."

"Iya, ni aka aiko..."

"Na sani. Na ga gyalenki ta labule ran nan. Miƙo min biro." Ta zaro katin daga jikin madubi, inda take jera katunan mutane. "To, faɗa min ranar ta gaskiya."

Na faɗa. Ta soke tsohuwar ranar, ta rubuta sabuwa.

"Kada ki gaya wa uwarki, cinye ki za ta yi ɗanya. Ɗora min ruwan zafi."

Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Kwana tara ta yi, ta rasu. Yaya ya ce zuciyarta ce, dama ta daɗe da gajiya. Mama kuwa ta yi ta maimaitawa, "Wai me ya fitar da ita cikin ruwan nan?" Ni dai sai in duƙa in ci gaba da wanke kofuna.

Ranar da 'yar Iya ta zo kwashe kaya, ta shigo mana da wani ɗan ƙunshi. "A jakarta na gani, da sunan likita a jiki."

Takardar naɗin duk ta cukurkuɗe, ruwa ya jiƙa ta ta bushe, tawadar sunan ta zube. Mama ta warware a hankali. Agogon aikin Iya ne, irin wanda ake maƙalawa a ƙirji.

Mama ta shafa takardar da tafin hannu, ta sake shafawa, amma takardar ta ƙi miƙewa. Sannan ta ɗago ta dube ni.

Ban sunkuyar da kai ba. "Mama, ban faɗa mata ba."

Ta ajiye agogon a kan tabarma tsakaninmu, yana ta bugawa.