Shafi Biyun da Na Tsallake

Wata huɗu ke nan Mama ba ta ce uffan ba. Shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke mata hannun dama da baki, ta bar mata idanu biyu da ba su da aiki sai kallon bango. Ni ke juya ta, ni ke canza zanin gado, ni ke ba ta abinci da cokali kafin in wuce shagon ɗinki. Da farko ina kuka. Daga baya kukan ya ƙafe, na koma yin komai yadda nake kafa maɓalli a rigunan ’yan makaranta, in gama wannan in ja na gaba.

Yayana ya kira ya ce ranar Asabar zai zo da mota ya kai ta gidan kula da marasa lafiya, tafiyar awa biyar daga nan.

"Auta, ba ta ma san inda take ba. Ke ce kawai kike ƙarewa a banza."

Na ce to. Ko gardamar kunya ban yi ba.

Ranar Juma’a da yamma ina haɗa mata jaka a gabanta, na ci karo da wani littafi a ƙasan akwati, bangonsa duk facin salatif. Na san shi sarai. Shekara talatin da ɗaya Mama tana karanta wa ’yan aji uku shi. Ƙatti masu gemu suna tare ta a hanya suna tambayar ko ta tuna tsohon kunkurun nan. Ni da ta haifa kuwa ban taɓa jin labarin ba, don kullum ta dawo sai ta ce muryarta ta ƙare a aji. Na girma ina jin haushin kunkurun da ban sani ba.

Babu abin da ya rage in ninke, sai na zauna bakin gado na fara karantawa a bayyane. Wasu kwaɗi ne tafkinsu yake ƙafewa, suka yi shawarar ƙaura, tsohon kunkuru ya bi su. Sarkin kwaɗin har da hula. Na ce a raina, a kan wannan shirmen aka hana ni murya? Na ci gaba dai, muryata ba hawa ba sauka, kamar mai karanta takardar magani.

A babi na biyar idona ya riga bakina gangarawa ƙasan shafi. Kwaɗi sun taru, ana maganar kunkuru yana jawo musu jinkiri. Na lashi yatsa na haɗa shafi biyu na wuce, na ɗora daga inda suka isa sabon ruwa.

Sai na ji duka a bayan hannuna.

Hannun hagun Mama ne, wanda ko kofi ba ya riƙewa. Ta ja shi da ƙyar a kan zanin gado, ta sa yatsa ta mayar da takardar baya, sau ɗaya, sau biyu. Ta ƙwanƙwasa saman shafin. Ni take kallo, ba bango ba.

Na karanta. Sun ajiye kunkuru a inuwar wata bishiya, suka tara masa ganye, suka ce za su dawo. Shi kuwa yana dai kallon su ɗaya bayan ɗaya har layin ya ƙare. Na jira in ji farin ciki, tunda Mama ta motsa. Bai zo ba. Kunya ce kaɗai ta zo, ita ma can ƙasa, kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Asabar da hantsi Yaya ya shigo yana kaɗa mukullin mota. Ya durƙusa ya gaida Mama da ƙarfi, yadda ake yi wa kurma, sannan ya sunkuci jakar.

"Yaya, ajiye."

"Me kuma ya faru?"

"Jiya Mama ta doke ni."

Ya fara dariya, ya ga ban taya shi ba, ya daina.

"Shafi biyu na tsallake a littafinta, ta mayar da ni baya. A gabanta na haɗa jakar nan, Yaya. Tun daga farko har na ja zif tana kallo."