Daƙiƙa Takwas na Shiru a Bikin Gwange

Shekara tara Umara yana haɗa kiɗa a laftof a ɗakinsa na unguwar Gwange, kuma duk tsawon shekarun nan ba wanda ya taɓa taka rawa da kiɗansa sai shi, shi ma a zaune. Ana kiransa bukukuwa sosai, amma don ya sa waƙoƙin wasu. Ya buga kati mai ɗauke da "DJ Volt, Furodusa", ya raba wa jama'a. Jama'a suka karɓa da godiya, suka ci gaba da kiransa Umara mai sifika.

Kiɗan nasa na na'ura ne zalla, ba mawaƙi, ba kirari. Idan aka tambaye shi me kiɗan ke cewa, sai ya lumshe ido ya ce tafiya ce. Ba wanda ya taɓa tambayarsa zuwa ina.

Sai ga wani taron kiɗa a Legas yana neman sabbin DJ daga Arewa. Sharaɗin ɗaya ne: bidiyon minti guda na mutane suna rawa da kiɗan da kai ka haɗa, a tura kafin ƙarfe biyar na yammacin Asabar. Umara ya kai talatin da biyu, bayansa ya gaji da ɗaukar sifika, ya kuma gaya wa kansa wannan ne gwaji na ƙarshe. Ranar Asabar ɗin kuwa ake lallen 'yar Ya Kaltum, gwaggonsa, shi ne kuma mai kiɗa.

"Minti biyar kawai, Ya Kaltum. Nawa zan sa."

"Wannan mai ƙarar injin markaɗen?"

"Shi."

"Minti biyar. In ƙawayena suka yi ciwon kai, kai za ka sayo magani."

Ya ba ƙanwarsa Humaira waya, ya ɗora ta kan benci, ya yi mata bayani. Kiɗan zai yi ta hawa, yana hawa, sannan ya ɗauke ɗif na daƙiƙa takwas, sannan ya fashe gaba ɗaya. A nan ne mutane ke tsalle. A nan yake so ta ɗauka.

"Ya Umara, su wa za su yi tsallen? Ka ga lafayar Hajja Ammatullahi kuwa? Yadi shida ce."

"Kiɗa ba ruwansa da yadi. Jiki ne ke amsawa."

"To, Allah ya sa jikin ya ji."

Ƙarfe uku da 'yan mintuna fili ya cika. Mata sun jeru cikin lafaya, turaren wuta na tashi daga kasko, ana rawar nan ta a hankali, kafaɗa da tafin hannu, ba mai gaggawa. Umara ya sa abin kunne, ya janye kiɗan gangar da ke tashi a sifika sannu a hankali, ya shigo da nasa ta ƙarƙashi.

Abin mamaki, ba wadda ta zauna. Sun ɗan kalli juna, suka raba kiɗan biyu, suna taka ɗaya suna barin ɗaya. 'Yan matan amarya suka shigo suna guɗa. Har Hajja Ammatullahi, babbar ƙawar Ya Kaltum, ta ɗaga hannu. Kiɗan ya hau, ya hau, Umara ya ɗaga hannu sama kamar yadda ya gani a bidiyon wasu ƙasashe.

Sai ɗif.

A Gwange, idan mai kiɗa ya katse kiɗa ana tsaka da rawa gab da la'asar, dalili ɗaya ne: ya ji ladan. Umara da kansa ya yi hakan a biki sama da ɗari biyu. Bai taɓa haɗa wannan da shirun da ya zauna wata uku yana aunawa ba.

"Allahu akbar," in ji Hajja Ammatullahi, ta ja lafaya ta rufe kai.

Kafin daƙiƙa ta huɗu fili ya fara watsewa. Wata na neman takalmi, wata na tambayar ina butoci. Ya Kaltum ta juyo ta ɗaga murya don ƙawayenta su ji.

"Kun ga ɗan ɗan'uwana? Kunnensa a toshe, amma shi ya fara jin kiran salla. Allah ya yi maka albarka, Umara!"

A daƙiƙa ta takwas kiɗan ya fashe. Sifika huɗu, har kwanukan shinkafa suka girgiza. Babu kowa a filin sai kujerun roba da kasko.

"Kai! Ana kiran salla? Kashe!"

"Ya Kaltum, ba a kira ba tukuna, cikin kiɗan ne—"

Daga masallacin layin ladan ya gyara murya a lasifika. Umara ya kashe.

Bayan an idar ya dawo ya zauna kan sifika, Humaira ta miƙa masa wayar. Ya kalla sau biyu. Hannunta bai yi rawa ba, hoton ya fito tas: bayan mata suna tafiya, sannan shi kaɗai, hannu a sama.

"Farkon fa? Lokacin da suke rawa?"

"Ka ce wurin fashewar kake so. Wayar ba wuri, shi na jira."

Ya je wurin Ya Kaltum ya roƙi wasu minti biyar. Ta ce dangin ango sun iso daga unguwar Wulari, ganga suke so, kuma Hajja Ammatullahi ta riga ta karɓi maganin ciwon kai.

Ƙarfe huɗu da rabi ya sa gangar. Fili ya cika fiye da ɗazu, har ana ture masa tebur. Humaira ta sake hawa benci.

"In ɗauki wannan, ka ɗora kiɗanka a kai? Wa zai sani a Legas?"

Umara ya kalli matan. Sannan ya cire abin kunnen, ya naɗe igiyarsa.

"Sauko, Humaira. Je ki ci abinci kafin ya ƙare."